Ruwa ba ya tsami banza: gansakukar tafkunan Filato

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko, wasu daga cikin ramukan da haƙar kuza ta bari a ƙasar Jos sukan sauya launi. Ruwan da a watan Nuwamba kana hango dutse a ƙasansa sai ya koma kore shar, wani lokaci har da kumfa da ƙarni. Ka tambayi mai lambu ko mai wankin mota, amsa ɗaya ce: zafin bana ne. Masu boko kuma su ce sauyin yanayi. Duka biyun da gaskiyarsu, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin da ba mu da iko a kansa. Rana da zafi suna hura gansakuka, abincinta kuwa mu muke kai mata har bakin ruwa. A ganina duk kuɗi da dokar da za a kashe kan wannan matsala, a bakin ruwan ya kamata a kashe su, tun ruwan yana garau.

Abin da muke kira gansakuka ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda bai rarrabe ba zai yi maganin da ba na cutar ba. Akwai mai zare-zare da ke kama dutse da ciyawa, wadda in ka sa sanda za ta biyo ta kamar gashi. Wannan ƙazanta ce ga ido da toshe bakin injin ban ruwa, amma ba ta da dafi. Akwai ƙananan da ido ba ya gani, irin su dayatom masu ɓawo kamar gilashi da koraye masu ƙwaya ɗaya. Su ne abincin ƙananan halittun ruwa da karfasa, kuma da rana su ke zuba iskar oksijin a ruwan. Tafkin da babu su babu kifi. Sai ta ukun, sayanobaktiriya, wadda asalinta ma ƙwayar bakteriya ce mai cin hasken rana. Ita ce in ta yi yawa sai ka ga kamar an zubar da koren fenti, ka sa sanda ba ta kama komai sai launi. Wasu daga cikin dangin nan, musamman Microcystis, suna yin dafin da ke cin hanta. Tambayar da ta dace a kowane tafki ita ce wacce daga cikin ukun take cin kasuwa, kuma me ya ba ta dama.

Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuma ta kai mita 1,829. Duk hawan mita 1,000, hasken UV na rana, wanda ido ba ya gani amma yake ƙona fata, yana ƙaruwa da kamar kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, domin iskar da ke tare shi ta ragu. Ga shi muna ƙasa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke tsayawa daidai ka a tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Sanyin Jos yakan ruɗi mutum ya ɗauka ranarta ba ta da ƙarfi, alhali ta fi ta Legas cizo. Ga gansakuka wannan haske abinci ne kuma wuta ne. Yana lalata sashen da take sarrafa haske da shi, yana kuma taɓa ƙwayar gadonta. Shi ya sa a tafkin dutse mai tsabta, saman ruwa da tsakar rana kusan fayau yake. Masu iya iyo sun nutse, yawancin rayuwar tana can mita da yawa a ƙasa, inda hasken ya yi laushi. Da wannan, da sanyi, da ƙarancin abinci a ruwan da ya fito daga dutsen giranit, aka samu tafkunan tsauni masu haske a ko'ina a duniya.

Wannan kariya ba ta da ƙwari. Abin da ya fi tare UV a cikin ruwa shi ne narkakken ruɓaɓɓen abu, wato launin ruwan shayi da ke fitowa daga ganye, kashin dabba da ruwan kwata. A ruwa garau UV na iya kaiwa mita da yawa. A ruwan da kwata ta shiga, santimita kaɗan yake yi ya mutu. Ƙazantar da muka zuba ta ciyar da gansakuka, ta kuma yi mata inuwa daga abin da ke kashe ta. Sayanobaktiriya kuwa dama da shirinta: tana yin sinadaran da ke kare ta daga UV, tana da 'yan jakunkunan iska a jikinta da take hawa da sauka da su. Da safe ta taso ta sha haske, in ta yi nauyi ta nutse ta ɗebo abinci, gobe ta sake tasowa. Da ta shimfiɗu a sama, duk na ƙasa sun shiga duhu.

A tsaunukan Turai da Amurka, sauyin da ake gani ya fi zuwa ta ƙanƙara: tana narkewa da wuri, lokacin girman gansakuka ya ƙaru, ga naitirojin, wani sinadarin taki, da ke sauka daga hayaƙin motoci da gonaki. Mu ba mu da ƙanƙara. Namu agogon hunturu ne da damina, kuma shi ya kamata kowane mai kula da ruwa ya haddace.

Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka a Jos ya kai kimanin milimita 1,400, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Yana wanko jar ƙasa, taki da duk abin da aka jibge a gangare. Abinci ya shiga tafki, amma laka da hadari sun hana haske, saboda haka gansakuka ba ta cika tashi ba. Mutane su ga ruwa ja su ce laka ce kawai, za ta kwanta. Lakar takan kwanta a Oktoba da Nuwamba, sama ta washe, abincin kuwa yana nan. Wannan ita ce ƙofa ta farko da ke buɗe wa gansakuka. Sai hunturu ya zo da ƙura, kuma ƙurar nan tana da labari. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban Tafkin Chadi, kuma kaso mai yawa nata ɓawon matattun dayatom ne na dubban shekaru. Tana ɗauke da ƙarfe da fosforas, sinadarin takin da gansakuka ke ci. Tana rage hasken rana, tana kuma barbaɗa taki a kan ruwan. A dararen Disamba da Janairu saman ruwa yakan yi sanyi ya yi nauyi, iska ta kaɗa shi, tafki ya juya: na ƙasa ya hau, na sama ya sauka. Daga Fabrairu hazo ya fara janyewa, zafi ya hau, injinan 'yan lambu sun janye ruwa ya ragu, abin da ke ciki ya ƙara kauri. Ƙofa ta biyu ke nan, kuma ita ce babba.

Inda zafi ke shigowa da gaske shi ne wajen juyawar nan. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka in rana ta gasa mita biyu ko uku na sama, sai su zauna daram a kan na ƙasa, ba sa gauraya. Ramukan kuza sun fi kowane ruwa saurin yin haka, domin suna da zurfi, bakinsu a tsaye yake, tulin ƙasar da aka haƙo kuma yana tare musu iska. Dayatom masu nauyin ɓawo suna bukatar motsin ruwa ya riƙe su. In ruwa ya tsaya sai su nutse su mutu. Sayanobaktiriya mai jakar iska ba ruwanta, ga shi ta fi jin daɗi in ɗumin ruwa ya haura digiri 25. Wani babban bincike da aka fitar a 2015 kan tafkuna 235 a duniya ya nuna samansu yana ƙara ɗumi da kusan digiri 0.34 duk shekara goma tsakanin 1985 da 2009. Adadin kamar ba komai, amma abin da yake nufi shi ne ƙarin makonni na ruwan da ba ya juyawa.

A ƙasan irin wannan ruwa kuma wani abu na faruwa wanda ya fi koren saman muni. Matacciyar gansakuka tana sauka tana ruɓewa, ruɓewar tana cinye oksijin. Ƙasarmu ja ce saboda ƙarfen da ke cikinta, kuma muddin akwai oksijin, ƙarfen nan yana damƙe fosforas a cikin laka. Wannan babbar sa'a ce da Filato ta yi. Ranar da oksijin ya ƙare a ƙasa, ƙarfen ya saki abin da ya riƙe shekara da shekaru. Juyawar hunturu ko guguwar ruwan farko ta kwaso shi zuwa sama, tare da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Daga nan tafki ya fara ciyar da kansa. Ko an toshe duk wata kwata, a tafkuna da yawa na Turai sai da aka yi shekara 10 zuwa 15 kafin ruwa ya dawo hayyacinsa.

Mutuwar kifi da asuba ma daga nan take. A bakin teku, lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin digiri 25 tana iya riƙe miligiram 8.3 na oksijin. A tsayin Jos, saboda ƙarancin nauyin iska, kusan 7.2 ne, in ɗumin ya kai digiri 30, ya sauka wajen 6.5. Da rana gansakuka tana cika ruwan da oksijin fiye da ƙima, da dare ita da komai suna shaƙa. Wajen kiran assalatu ake kaiwa ƙarshen ƙasa. In oksijin ya yi ƙasa sosai karfasa ta fara hamma a saman ruwa, in ya ƙara ƙasa ta fara juya ciki. Tarwaɗa takan tsira domin tana shaƙar iska. Sai gari ya waye a ce wani ya zuba guba.

Cewa fosforas ne mabuɗi ba hasashe ba ne. A 1973 masanin tafkuna David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki biyu da labulen roba a arewa maso yammacin Ontario ta Kanada. Gefe ɗaya suka zuba kabon da naitirojin, ɗaya gefen suka ƙara da fosforas. Rana ɗaya ce ke haska su, iska ɗaya, zafi ɗaya. Gefen fosforas ya koma kore, ɗayan ya zauna yadda yake. Rage naitirojin kaɗai ba ya isa, domin wasu sayanobaktiriya suna iya ɗebo nasu daga iska.

Mu kawo lissafin gida. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na fosfet, wanda tsantsar fosforas ɗinsa kusan kilo 3.3 ne. Ɗauki rami mai faɗin hekta ɗaya da matsakaicin zurfin mita 5: lita miliyan 50 ke nan. Buhun nan guda, in ya narke a ciki, zai ba kowace lita kusan maikirogiram 65 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram). Masana ruwa suna lissafa tafki a cikin waɗanda abinci ya yi wa yawa daga maikirogiram 35. Ba sai wani ya juye buhu a ruwa ba. Manomi goma, kowa kashi ɗaya cikin goma na buhunsa ya bi ruwan sama, an kai. Kilo ɗaya na fosforas kuma na iya tayar da ɗanyar gansakuka kusan kilo 500. Ƙara da kashin kaji da ake jibgewa a gangare kafin shuka, sabulun wanki da na wankin mota, shanun da ke tsayawa cikin ruwa suna sha suna kashi, da masai da aka haƙa kusa da gaɓa a sababbin unguwanni.

Nan ne wasu za su ce a kori 'yan lambu, wasu su ce a cike ramukan gaba ɗaya tunda dama suna cin rayukan yara. Ban yarda da ko ɗaya ba a matsayin tsari na gaba ɗaya. Ramin da ke tsakiyar gidaje mai bakin da ke zaftarewa, a katange shi ko a cike. Amma ɗaruruwan ramukan nan da kamfanonin kuza suka bari tun zamanin Turawa su ne suka mayar da Jos garin kabeji, karas, latas, tumatir da dankalin Turawa na rani, kayan da ake lodawa zuwa Abuja da Kudu. Mai lambu ba ya son takinsa ya tafi ruwa, da kuɗi ya saya. Abin da ake bukata a gare shi kaɗan ne kuma riba ce gare shi: ya bar aƙalla mita 10 tsakanin kunyar ƙarshe da ruwa, a dasa jema ko gamba a jere biyu ko uku a gicciye, domin ciyawa mai kauri tana tsayar da laka, fosforas kuwa a jikin laka ya fi tafiya. Ya tona ya binne taki kusa da saiwa maimakon watsawa, ya raba shi biyu ko uku, kada ya sa in hadari ya haɗu. Tulin kashin kaji ya koma can sama, mita 30 ko fiye, a rufe shi. Kuskuren da aka saba yi da shingen ciyawa shi ne a bar ruwa ya yanke hanya ɗaya ta tsakiyarsa. Da zarar kwari ya buɗe, duk shingen ya zama ado. Sai an riƙa cike kwarin da duwatsu ana baza ruwan. Makiyayi kuma a yi masa kwami nesa da gaɓa, a ja ruwa da inji. Shi ne ma ya fi kowa asara, domin saniya tana sha daga bakin da iska ta tara kumfar, kuma tana shan lita da yawa a tashi ɗaya. A Botswana a 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu, hukumomin ƙasar suka ɗora alhakin a kan dafin sayanobaktiriya a wuraren shan ruwa.

Madatsun da Jos ke sha daga gare su, irin su Lamingo, Liberty da ta Yakubu Gowon a Shen, su ne inda ba a yarda a yi ganganci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirosistin, wato dafin nan mai cin hanta, a ruwan sha na yau da kullum a maikirogiram 1 a lita. Tafasawa ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa kauri in ruwa ya ƙone. A Caruaru ta Brazil a 1996 masu wankin ƙoda fiye da 50 suka rasu saboda ruwan da ke ɗauke da shi. A Agustan 2014 aka hana mutane kusan 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kwana uku saboda shi. Kuma yadda ake tarar matsalar a matatar ruwa yana iya ƙara ta. Yawancin dafin a cikin ƙwayar yake a kulle. In aka ga kore aka garzaya aka zuba kofa salfet, sinadarin kashe gansakuka, a dam, ko aka sa kulorin mai yawa tun kafin tacewa, ƙwayoyin su fashe, dafin ya narke, ya wuce yashin tacewa salin alin. Ruwa ya yi kyau a ido, ya fi da haɗari. Tsarin da ya dace shi ne a fara cire ƙwayoyin da ransu: alif ya dunƙule su, su kwanta, a tace, a riƙa kwashe lakar da wuri kafin su ruɓe a cikinta, sannan garin gawayi na musamman ya kama abin da ya narke, kulorin ya zo a ƙarshe. A nan ma da tarko. Gansakuka mai yawa tana tura pH, ma'aunin da ke hawa in tsamin ruwa ya ragu, zuwa 9 ko sama da rana, alif kuwa ya fi aiki tsakanin 6 da 7.5, kulorin ma ƙarfinsa yana raguwa sama da 8. Ma'aikacin da ya zuba adadin da ya saba ba tare da ya auna ba zai ga tankin ya ƙi kwanciya, ya ƙara alif, ya ƙara, kuɗi na tafiya. Mafi arha daga duk wannan shi ne sauke bakin bututun jan ruwa zuwa 'yan mitoci ƙasa da kumfa, amma sama da ruwan ƙasa mai wari.

Haka mai lambu: bakin tiyo ya nutse kamar mita ɗaya, a gefen da iska ke fitowa, ba inda take tara kumfa ba. Latas da kabejin da za a ci ɗanye kada a yi musu feshi da koren ruwa ta sama, a ba su ta gindi. Kifin irin wannan ruwa a cire hanji da hanta a zubar, kada a ba kare ko kaji.

Duk wannan bai yiwuwa sai da awo, kuma awon ba shi da tsada. Faifan Secchi na auna yadda ruwa yake garau, wanda aka fara amfani da shi tun 1865, murfin bokitin fenti ma ya isa: a yanka shi faɗin santimita 20, a raba huɗu a shafa fari da baƙi, a ɗaura ƙarfe a ƙasa, igiya kuma a yi mata alama duk santimita 10. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a gefen inuwa, a sauke shi har ya ɓace, a rubuta; a ɗago har ya bayyana, a rubuta; a ɗauki tsakiya. Ninka wannan sau biyu zuwa biyu da rabi, ka san iyakar inda haske ke ciyar da gansakuka. A rubuta launin ruwan tare da lambar, domin santimita 40 a jan ruwan Agusta laka ce, santimita 40 a koren ruwan Maris wani zance ne. Sai gwajin kwalba: a cika ta kusan baki da ruwan ƙasa da sama kaɗan, a ajiye a wuri mai sanyi ba motsi har kwana. In koren ya kwanta a gindi, mai sauƙi ce. In ya taru a wuya, sayanobaktiriya ce, a janye dabbobi da yara, a kai samfur ɗakin gwaji, domin ido ba ya iya faɗin ko akwai dafi. Ma'aunin zafi da na oksijin a igiya, a auna kowace mita da asuba, shi zai nuna ranar da ƙasan tafki ya fara shaƙewa, tun kafin kore ya fito.

Masu aikin suna nan. Jami'ar Jos tana da ɗaliban kimiyyar tsirrai da na dabbobi da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kuma ita ta dace da duba hantar dabbar da ta faɗi a bakin ruwa. Abin da ya kamata gwamnatin jiha ta yi shi ne ta zaɓi madatsun sha duka, da ramukan kuza kamar ashirin da aka fi noma a bakinsu, da tafkin Pidong na bakin tsohon dutse mai aman wuta a Mangu domin a samu abin kwatantawa, a auna su duk mako biyu a wuri ɗaya da hanya ɗaya, a ajiye a littafi guda da kowa zai iya gani. Aikin ɗalibi na wata uku a rami ɗaya, shekara mai zuwa wani ya tafi wani ramin da wata hanyar, ba ya nuna ko ruwa na lalacewa. Kogin Kaduna da na Gongola daga tudun nan suka taso, don haka jihohin da ke ƙasa ma suna da dalilin sa hannu a kuɗin. A fara a Oktoba, lokacin da laka ke kwanciya, a sa samfurin fosforas na farko a makon da tafki ya juya a hunturu, na biyu a tsakiyar Maris, na uku kwana biyu bayan ruwan farko mai ƙarfi.